Gidan gyaran hali na coci a bayan Garwa: na ba su tauraro 4, ga dalilin da na riƙe ɗaya

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, kuma ɗayan da na riƙe ba rowa bace, zan faɗi dalili a ƙasa. Maganar gidan nan nake na masu fama da shaye-shaye da wata ikilisiya ta buɗe a bayan garin Garwa na arewacin Kamaru, in ka ɗauki hanyar Pitowa ka ɗan saki kwalta. Sunan gidan da na cocin bazan rubuta ba, dan akwai ƙorafi cikin abin da zan faɗa, kuma yaran da ke ciki 'ya'yan mutane ne. Masu kilando na wajen duk sun san shi, wanda ka tare zai kai ka.

Ƙanena ne ya zauna a can wata uku, autanmu ne, dan haka Auta zan riƙa ce masa. Ɗan kilando ne, acaba kenan ga 'yan uwa na Najeriya, kuma taramol ne ya kayar da shi, daga baya ya haɗa da wiski na leda. Wanda ke zaune a Garwa ko Marwa ba sai an masa bayanin taramol ba. Maganin ciwo ne na asibiti sosai, a Jamus aka fara sayar da shi a 1977, likita yana rubuta 50mg ko 100mg, kuma ko a asibiti ba a wuce 400mg a yini. Amma wanda ke yawo a hannun masu tebur shine mai 120, mai 200, mai 225, galibi daga Indiya yake fitowa ya biyo ta kan iyaka. Yaro ya watsa biyu ko uku cikin Nescafé da sassafe ya hau babur, baya jin rana baya jin yunwa baya jin gajiya, har ranar da jijjiga irin ta farfaɗiya zata kama shi a tsakiyar titi da fasinja a bayansa. Abin har ya kai a 2013 wasu masu bincike suka yi shela wai sun gano taramol cikin saiwar tafashiya a nan arewacin Kamaru, wai itacen ne ke yin sa da kansa, shekara na zagayowa wasu daga Jamus suka nuna ba haka bane, shanu ake ɗura wa maganin dan su jure wahala, fitsarinsu da kashinsu ya shiga ƙasa itace ya zuƙa. Toh ƙasar da itace ma ya sha, ina ga yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai mai neman balas ɗin yini da zai kai wa mai babur. Wiski na leda kuwa tun 2014 gwamnati tace ta hana, ku leƙa shagon unguwarku ku gaya min.

Abu na farko da ya burge ni shine ranar da muka kai shi basu karɓe shi ba. Eh, mayar da mu suka yi. Dattijon da ke riƙe da gidan, kowa Baba yake ce masa, tsohon direban babbar mota ne da yayi shekaru yana jigila tsakanin Ngaundere da Njamena kuma shi kansa giya ta taɓa cinye shi, yace min "'yata, ki fara kai shi asibiti likita ya gan shi ya rubuto mana takarda, mu nan addu'a da magana muka iya, jikin mutum kuwa akwai waɗanda Allah ya ba saninsa." Raina bai so ba a lokacin dan da ƙyar muka lallaɓo yaron. Amma gaskiyarsa ce. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa in ya yanke lokaci ɗaya, a kwana na biyu zuwa na uku rawar jiki da gane-gane da jijjiga na iya kama shi har ya rasa ransa, shi kuma taramol in aka yanke shi farat ɗaya sai gumi da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, shi yasa likita ke rage shi kaɗan kaɗan. Akwai sashen da gwamnati ta buɗe a wasu manyan asibitocin ƙasar dan wannan matsalar, CSAPA ake kiransa, irin can suke tura mutane. Na san wuraren da za su ce maka aljani ne kawai, a ɗaure shi a yi azumi kwana bakwai. Nan babu mari babu sarƙa babu bulala, ƙofa ma da sakata kawai ake rufe ta, wanda yace zai tafi za a kira 'yan uwansa su zo su ɗauke shi. Fasto da ya iya cewa wannan ba fannina bane, ni dai tun daga nan na fara saki jiki da su.

Kuɗi jaka 25 ne a wata, sai ka kawo hatsi gwargwadon ƙarfinka, dawa ko masara, da sabulu da tabarma da gidan sauro. Wanda bashi da hali ana masa sauƙi, na ga wata tsohuwa da gyaɗa ta biya. Ɗakunan langa-langa ne ba silin, wanda ya san zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 ya san me nake nufi, a tsakar gida suke kwana. Abinci tuwo miyar kuka, tuwo miyar yakuwa, kifin Binuwai sai an dace. Ana tashi da asuba a yi sujada, a je lambu, akwai mai koya musu faci da walda, da yamma karatu. Waya ana karɓe ta. Wannan duk ba wani abu bane na musamman, ko'ina haka ne.

Abin da ya sa nake wannan dogon rubutu shine zaman da suke yi ran Alhamis da yamma, su suna kiransa zaman gyara. Akwai wani benci gajere ƙarƙashin dalbejiya, mutum ɗaya zai zauna a kai, sauran su kewaye shi, kowa ya gaya masa abin da ya gani a tare da shi cikin satin nan wanda bai dace ba. Da aka fara bani labari nace kai, wannan ai tonon silili ne, yaran da ko kallon banza aka musu sai a dambace. Ashe akwai doka. Abin da idonka ya gani zaka faɗa, da ranar da ya faru, ba ance-ance ba. Ba a cewa "kai kullum haka kake". Ba a ambaton iyayen mutum ko ƙabilarsa, kuma wannan dokar tana da muhimmanci a gidan da akwai Tupuri da Mundang da Fali da Giziga da 'yan Cadi da mu da iyayenmu suka ƙetaro daga wajen Mubi. Kafin ka faɗi laifinsa sai ka fara faɗin abu ɗaya mai kyau da yayi. Shi kuma wanda ke kan benci bashi da amsa sai guda ɗaya, "na ji, na gode." Shikenan. Ko ƙarya aka masa a ranar bazai kare kansa ba. Sai washegari da safe bayan ya kwana da maganar, a bashi fili yace wannan na amsa nayi, wannan kuwa ban yarda ba ga dalilina. Wannan kwana ɗaya da ake bari a tsakani shine dabarar gaba ɗaya a ganina, dan mashayi bakinsa ya riga tunaninsa, kafin ka rufe baki ya riga ya ƙera uzuri uku, in aka hana shi magana har gari ya waye sai uzurin ya huce ya bar shi shi da gaskiyar. Kuma ba a tilasta masa ya amsa abin da bai yi ba, wanda shine ya raba abin da wulaƙanci.

Sau ɗaya a wata ana yin irinsa da iyali, nan ne na gani da idona. Kafin mu shiga Baba ya tara mu yace mu ma dokar ta hau kanmu, banda kuka da gori, banda "ka kashe uwarka da baƙin ciki". Mamarmu tela ce, kuma keken ɗinkinta da ta fi shekara ashirin tana ci da mu da shi ya ɓace daga ɗaki wani dare, Auta ya rantse ya maya ɓarayi ne, har shi ya fi kowa zagin ɓarayin. Mu yayyensa duk mun san shi ne, amma ba mai iya faɗa. Ranar nan ko bakina ban buɗe a kan keken ba, wata magana daban na kawo, ta yadda yake ɗaga wa Mama murya. Yace na ji na gode, kansa a ƙasa yana murza yatsan ƙafa cikin yashi. Sai ya nemi izini wajen Baba yace akwai abin da yake so ya faɗa da bakinsa, ya juyo wajen Mama ya durƙusa yace "Mama, ni na ɗauki keken. Na kai shi kasuwa na sayar, na sha kuɗin. Na bari kika zargi yaron maƙwabta. Ki gafarta mini." Ya juyo gare ni yace "Yaya, ke ma kin sani kika rufa min asiri, na gode, amma ni ne." Mama bata ce komai ba, gefen zanenta kawai ta kama tana ninkewa tana warwarewa.

Na lura ko sau ɗaya bai ce shaiɗan ne ba. Daga baya na gane koya musu ake. A gidan nan in kace "ku yi haƙuri amma ai shi ma ya tsokane ni" za a ce maka koma ka zauna baka shirya ba. In kace "in dai na ɓata muku rai" za a tambaye ka, ka ɓata ko baka ɓata ba? In kace aikin shaiɗan ne, Baba zai ce maka mun san shaiɗan yana aiki, amma ƙafar wa ta taka zuwa wajen mai tebur? Mu Kirista mun iya wannan wayon sosai, mu tsaya gaban jama'a muce mu duka masu zunubi ne, kowa yace amin, amma ka ce wa mutum ran Talata ka ci amanar wane sai ido ya yi ja. Amsa zunubi a dunƙule abu ne mai araha, har daɗi yake a baki. Su nan sai ka kira abin da sunansa da ranarsa da sunan wanda ka cuta.

Toh amma duk wannan da bazai ci ba in da yara ne kaɗai ke hawa bencin. Ma'aikata ma suna hawa, mai dafa abinci yana hawa, mai bishara yana hawa, Baba da furfurarsa yana hawa, yaron da ya zo sati biyu da suka wuce yana da ikon ce masa Baba ranar kaza kayi mana alkawarin kaza baka cika ba, shi ma amsarsa na ji na gode. Auta ya bani labarin wani abu da ya faru a watansa na farko, lokacin yana ta shirin gudu. Kuɗin cefane ya ɓace daga gwangwanin da ake ajiyewa a kicin, Baba ya zargi wani yaro ɗan wajen Mundu ta Cadi saboda shi aka gani na ƙarshe a wurin, aka zazzage jakarsa gaban kowa ba a samu komai ba, yaron ya daina cin abinci. Bayan kwana biyu mai girki ya tsinci kuɗin cikin buhun gishiri inda shi da kansa ya ɓoye ya manta. Ba a jira Alhamis ba, a daren Baba ya buga ƙararrawa ya tara kowa, ya zauna kan benci, yace wa yaron "ɗana, na zarge ka ba hujja, na kunyata ka gaban 'yan uwanka, dokar da na kafa ta abin da ido ya gani ni na fara karya ta. Ka yafe mini." Ya kuma kira kawun yaron a waya ya gaya masa. Auta yace min "Yaya, tunda nake ban taɓa ganin babba ya ba yaro haƙuri ba sai ranar." Kuma gaskiya ne, a gidajenmu babba baya laifi, in uba ya doke ka bisa kuskure iyakaci ya ƙara maka nama a miya. Yace daren nan ya fasa gudu. Ni a nan nake auna kowane irin gida na gyaran hali yanzu, in za ku kai naku wani wuri ku tambaya wa ke gaya wa shugaban gidan laifinsa, in suka kalle ku kamar kun yi saɓo ku ɗauki yaronku ku wuce.

Basu ce su suka ƙirƙiro tsarin ba, Baba yana faɗa a fili cewa arowa suka yi. Katin alkawari da kowa ke sa wa hannu na cewa bazai sha ba na ɗan wani lokaci, in ya cika a sabunta, daga Croix Bleue suka ɗauko, ƙungiyar da wani fasto Louis-Lucien Rochat ya kafa a Janeba a 1877, tana nan a Kamaru da Cadi har yau. Sauran kuma daga matakai 12 na Alcoholics Anonymous ne, wadda Bill Wilson da wani likita Bob Smith suka fara a garin Akron na Amurka a 1935, aka buga matakan a 1939. Mataki na 4 ka zauna ka rubuta halinka ba ɓoye-ɓoye, na 5 ka faɗa wa Allah da kanka da wani mutum ɗaya, na 8 ka jera sunayen waɗanda ka cuta, na 9 ka je ka gyara, na 10 kuwa shine na kullum, duk ranar da kayi kuskure ka amsa nan take kar ka bari ya kwana ya yi tsami. Su sai suka ɗora kowanne a kan aya. Yaƙub 5:16 ta furta wa juna zunubai, Karin Magana 28:13 ta wanda ya ɓoye laifinsa bazai ci nasara ba, Zabura 51 da Dauda ya yi bayan annabi Natan ya tsaya gabansa ya gaya masa gaskiya, sarki guda. Labarin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka 18 kuwa kusan kullum sai an taɓo shi, musamman ga waɗanda suka ɗan jima suka fara raina sabbin zuwa, masu cewa ni ai giya kawai na sha ban taɓa sholisho ba.

Mataki na 9 ne ya fi ba Auta tsoro. Babur ɗin da yake haya na wani Alhaji ne a unguwarmu, mutumin kirki, tun muna yara yake gaisawa da babanmu. Auta ya daɗe yana cin balas yana cewa jandarmomi sun tare shi, ya cire kayan babur masu kyau ya sa na gwangwan, ƙarshe ya faɗi da shi ya lotsa tanki. Baba da kansa ya raka shi, ni ma na bi su na tsaya daga bakin zaure. Auta ya cire takalmi ya tsuguna, ya fito da takarda da ya rubuta lissafi, yace "Ranka ya daɗe Alhaji, na zo ne in gaya maka abin da na ci naka. Maganar jandarma ƙarya ce. Ga lissafin abin da na iya tunawa, in naka ya fi haka naka ne daidai." Alhaji ya sa tabarau ya daɗe yana duba takardar, yace "Ikon Allah. Yaro, na fi shekara nawa ina ba da haya, ba wanda ya taɓa kawo min lissafin satarsa da hannunsa." Yace ƙaryar ya yafe duniya da lahira, amma bashi bashi ne, a riƙa kawowa kaɗan kaɗan duk Juma'a. Babur kuwa yace bazai sake bashi ba yanzu, ba dan ƙiyayya ba, dan a tashar kilando ne abokan shan suke. Na zaci Baba zai roƙa masa, bai roƙa ba, a hanya ma cewa yayi Alhaji ya fi mu gaskiya, kuma Zakka da ya tuba a Luka 19 ba hawaye ya kawo ba, cewa yayi zai mayar ninki huɗu, kai ninki ɗaya ma aka ce ka gode Allah. Suna kuma da hankali a kan wannan matakin, ba kowane abu ake zuwa a tona ba, in faɗin zai cutar da wanda aka cuta ko wani daban, misali maganar da zata kashe auren mutane, ana neman wata hanyar. Haka ma asalin matakin ya tanada.

Yanzu ga inda tauraro ɗaya ya tafi.

Akwai wani matashin mai bishara a cikinsu, sabon fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki, mai zafi, shi a ganinsa sai an karya mutum kafin ya yi tawali'u. Ya taɓa sa yara biyu durƙuso a rana tsaka dan sun makara sujada, yana musu ihu wai girman kai ne. Haba. Mutumin da ya sayar da keken uwarsa, unguwa duk ana nuna shi da baki, yara na binsa suna dariya, me ya rage da za ka karya? Kunya ce ma ke mayar da yawancinsu ga ƙwaya, ka sha dan ka manta abin da kayi jiya da ka sha. Galatiyawa 6:1 cewa tayi a komo da wanda ya faɗi cikin ruhun tawali'u, wato shi mai gyaran ne aka fara ɗora wa. An gaya masa a kan benci, ya amsa, ya daina durƙuson, amma ihun na nan, kuma ni a ganina bai kamata a bar shi shi kaɗai da sabbin zuwa ba.

Na biyu ya fi min ciwo, asiri yana fita. Abin da aka faɗa ƙarƙashin dalbejiya ance a nan zai tsaya, amma ban kai gida da kwana uku ba wata a zumuntar mata ta riƙe hannuna tace "'yar uwa muna ta addu'a a kan maganar keken nan." Ta ina ta ji? Gulma ce aka sa mata rigar roƙon addu'a, kuma mu 'yan coci mun ƙware a kanta. Na kai ƙara, Baba bai kare kowa ba, yace ta bakin matar wani ma'aikaci ne, ya ba Mama haƙuri, suka sa doka iyalan ma'aikata su daina zama kusa ranar iyali. Na yaba, amma magana zarar bunu ce. Haka kuma ina da ja da yadda ake fito da su gaban ikilisiya ran Lahadi su ba da shaida tun suna wata biyu, a sa musu farar riga, a yi ta tafi ana guɗa, wani ma ya ɗauka a waya ya watsa a WhatsApp. Ka kwashe sati takwas kana koya wa mutum ƙasƙantar da kai sannan ka miƙa masa makirfo ka mai da shi gwarzo, in ya zame daga baya da wane ido zai dawo? Su na san dalilinsu, a ranar ne baiko ke ƙaruwa kuma gidan da baikon yake tafiya. Duk da haka a bari mutum ya shekara tukuna.

Sauran ƙanana ne. Karatu da Faransanci da Fulatanci ake yi, Hausa sai in an samu mai fassara, duk da akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa guda biyu a kabad, ai tun 1932 aka fassara shi cikakke. Mama rabin abin da aka faɗa ranar iyali sai da na riƙa raɗa mata. Mata ba a karɓarsu sam, wai ba ɗaki, alhali kowa ya san 'yan matan da ke sha, da matan da ke dafa giyar gargajiya ta bilbil da arki suna ɗanɗanawa har ya zame musu jiki. Musulmi kuwa ana karɓa in iyali sun yarda, na ga guda ɗaya kuma ba a hana shi sallarsa, amma gidan na coci ne, sujada safe da yamma, kowa ya san wannan kafin ya kawo nasa.

Game da ko yana aiki, bazan ce muku Auta ya fito ya zama mala'ika ba. Bayan fitowarsa da 'yan watanni, lokacin bikin ƙarshen shekara, ya haɗu da tsofaffin abokai ya sha. Bambancin da da shine da sai mun kama shi ya musa ya rantse ya fasa kofi. Wannan karon da asuba ya buga min ƙofa yace "Yaya, jiya na sha guda biyu, ki bani wayarki in kira Baba." Baba bai masa faɗa ba, ya tambaye shi a ina, da wa, me ya faru kafin nan, yace ya zo ran Alhamis ya hau benci, aka sake masa sabon kati. Ya kuma ja mana kunne da wani abu da ya kamata kowane iyali su sani, wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, in ya koma ya watsa irin na da lokaci ɗaya yana iya zama ajalinsa, dan haka zamewa bayan an fito ta fi haɗari, a sa ido sosai a makonnin farko da lokutan biki. Bibiyar waɗanda suka fita dai tana da rauni, mutum ɗaya ne da babur ɗaya yake zagaya su, wanda ke Gidar ko Figil ko ƙetaren iyaka sai dai waya. Zaman Alhamis a buɗe yake ga tsofaffin 'yan gidan kyauta, kuɗin mota ne matsala.

Yanzu yana wajen wani mai faci a bakin babbar kasuwa, duk Juma'a yana kai wa Alhaji abin da ya samu, keken Mama kuwa bai kai ga saye ba tukuna, haya take yi.

In za ku je ku tafi da takardar likita a hannu kar a mayar da ku, ku je da safe kafin goma dan bayan nan suna lambu, kuma shi wanda za a kai ɗin sai ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda, basa karɓar wanda aka ɗauro. Gidan baya ɗaukar mutane da yawa, wani lokacin sai an jira gado ya samu. Ku tambaya tun ranar farko wa da wa ke zama ranar iyali, kuma ku gaya musu ƙarara in ba ku so a fito da naku gaban ikilisiya ko a ɗauke shi a waya, in kun faɗa suna kiyayewa, in kun yi shiru za su ɗauka kun yarda.